Indijin

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, kalmar Turanci guda ta hana kowa sakat a Yelwa ta ƙasar Yawuri: indijin. Neman aiki indijin, neman makaranta indijin, har dillalan kifi sun iya gorin juna da ita. Ni lokacin ina koyar da Turanci na wucin gadi, ina jiran a tabbatar da ni, kuma ba a tabbatarwa sai da takardar shaidar zama ɗan ƙasa.

Akawun da ke cike takardar dattijo ne, ya san Baba, ya san gidanmu na masunta kaf. Ya rubuta sunana, saura hatimi. Sai na ji yana gaya wa wani a layi wai indijin shi ne wanda kakansa ya sha ruwan garin. Ina ruwana? Amma bakina ba ya iya zama. Na gyara tsayuwa na ce ba haka ba ne, na duba ƙamus: Turawan ma aro suka yi daga Latin, asalinta wanda aka haifa a wurin, har itace da tsuntsu ana kiransu da ita. Mu ne muka ɗora mata kakanni. Na yi ta zuba kamar ina gaban allo, jama'a na kallonsa.

Ya ajiye hatimin a hankali. "To malam, kai ina aka haife ka?"

Mu masunta, in lokacin su ya yi, gida duka kan shiga jirgi a bi kifi, a kafa tunga wata uku ko huɗu. A irin wannan tunga aka haife ni, can ƙetaren ruwa, wurin da yanzu yake jihar Neja. Akawun kuwa ya sani sarai. Ya ce tunda ƙamus ya faɗa, in je can su ba ni. Na je, suka ce ubana ɗan Yawuri ne, in koma gida. Sau uku ina ƙetare ruwan nan ina zagin kaina, kuma kafin dattijon ya huce an rufe ɗaukar malamai. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Na zayyana wa Inna komai, ina jiran ta yi min tas, don na cancanta. Tana gaban banda tana juya kifi. Ta ce, "Naƙuda ta fara tun da hantsi, jirgi na nan ɗaure. Da na sani, da na daure har mu ƙetaro."