Kaset ɗin da Bai Je Gona Ba

Wata Laraba ce a farkon Satumba na 1980, hatsi ya fid da kai, ƙwaya ta soma kamawa, sai direban wata motar albasa da ya dawo daga Abijan ya tsaya a ƙauyenmu da ke kan hanyar Madawa zuwa Buza, ya miƙa wa Babana wani ɗan ƙunshi. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina dawowa daga rijiya da tulu a ka, na gane rubutun yayana Illa tun daga nesa. Illa shi ne ɗan fari a gidanmu, damina biyu ke nan bai zo noma ba. Baba ya kwance ƙunshin a tsaye. Ba turmin atamfa a ciki, ba sabulu, sai kaset guda ɗaya da 'yar takarda. Da yake ni kaɗai ce 'yar lakkwal, wato makarantar boko, a gidan, ni aka ba in karanta. Illa ya ce yana aikin wanke-wanke a wani otal, can ya koyi taɓa piyano mai aiki da lantarki, kuma duk abin da ke cikin kaset ɗin da hannunsa ya kaɗa shi. A ƙarshe ya rubuta, a saurara a faɗa masa gaskiya.

A ƙauyenmu kuwa gaskiyar kiɗa wuri ɗaya ake faɗarta, gindin itacen bedin ƙofar gidan Kawu Shaibu, ƙanen mahaifiyata. Shi kaɗai ke da manyeto, wato akwatin sa kaset, ya ɗinka masa riga mai tuntu ja, ba mai taɓa maɓallinsa sai shi. Duk kaset ɗin da 'yan ci-rani suka kawo, na ganga ne, na garaya ne, na Larabawa ne ko na mutanen bakin teku, nan ake sa shi bayan la'asar, maza a kan tabarmi, mu yara a tsugune a rana, mata kuma suna ji ta bayan danga suna tsince hatsi. Wanda ya yi daɗi ya shiga kwalin Kawu. Wanda aka ji shi sama-sama, a toshe 'yan ramukan kansa da takarda a ɗauki gaisuwar tsofaffi a kai, a aika wa 'ya'yansu da ke ƙasashen waje. Wanda kuwa majalisa ta ƙi, hukuncinsa gona. A fasa shi, a zare zaren nan mai ƙyalli, a ɗaɗɗaura shi a kan sanduna daga wannan iyaka zuwa waccan, iska na kaɗa shi yana walƙiya yana gurnani, tsuntsaye su ji tsoro. Mawaƙa da yawa sun ƙare a gonakinmu, har idan mutum ya cika surutu akan ce masa, "Kai dai gona ta dace da kai."

Da Kawu ya danna maɓallin ran nan, wani sauti siriri ya fito yana rawa, a ƙarƙashinsa wani abu na bugawa a hankali ba gajiya. Ba murya, ba amshi. Sai wani tsoho mai sayar da taba ya cire hularsa ya kaɗa a gefen kunne ya ce, "Wanga kiɗi na ko kukan sabro?" Dariya ta ɓarke har da masu tari. Wani ya ce ba ganga, ba kirari, ba a ambaci uban kowa ba, to me mutum zai taka. Wani ya ce irin wannan ne aljannu ke kaɗawa a gindin tsamiya. Ni kuwa tun ba a yi nisa ba na gane abin da nake ji. Waƙar niƙan Inna ce, wadda take yi kullum da hantsi a kan dutse, wadda aka goye mu da ita mu duka. Illa bai bar komai ba, har wurin da Inna kan tsaya ta ja numfashi kafin ta sake tura ɗan dutsen, shi ma nan ya tsaya. Na waiga wajen danga. Na hango kan Inna a sunkuye kan faifai, hannunta ya daina motsi. Na san ta gane, na kuma san ba za ta ce uffan ba, don uwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta yabe shi a gaban jama'a.

Baba bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya bari sai da hayaniya ta lafa, sannan ya ce, "Damana biyu bai riƙa hauya ba, sai ya aiko muna sabro cikin kwali. A kai shi gona, shi yi aikin da mai shi yaƙ ƙiya." Ya miƙo mini kaset ɗin ya ce gobe da safe in fasa in ɗaura a gonarmu ta gangare, inda tsuntsayen jan-baki suka fi sauka. Har yau ban san inda na samo bakin ba. Na miƙe a gaban dattawa, zanena duk ƙasa, na ce, "Ba shi zuwa gona, Baba. Kiɗi na, kuma ya hi duk na kwalin Kawu daɗi. Ku na ba ku iya ji ba." Wani ya yi salati. Kawu Shaibu ya rufe manyetonsa da riga kamar zan zuba masa ƙasa. Na runtse ido ina jiran mari, amma Baba ba mai saurin hannu ba ne, saurin lissafin mutum gare shi. Ya karɓe kaset ɗin ya sa a aljihu ya ce, "To madalla. Gona dai tana son mai tsaro, ko shi ko ke. Ran da kin gaji, ko tsuntsu ya yi man ɓarna, shi ka karɓar aikin."

Washegari tun kafin rana ta fito ina kan rumfar kara a tsakiyar gona, da majaujawa da tulin tsakuwa da gorar fura. Na jera gwangwanayen tumatir a igiya, kowanne da 'yan duwatsu a ciki, na ɗaura bakin igiyar a ƙafar rumfa. Wanda bai taɓa tsaron jan-baki ba bai san ƙaramin abu na iya sa mutum kuka ba. Sukan taso daga kwari kamar hayaƙi, in ka kore su gabas su sauka yamma, in ka ruga yamma su koma inda ka baro. Gwangwani na razana su kwana biyu su saba, majaujawa ta gajiyar da kafaɗa, abin da ba su sabawa da shi kawai ihun mutum ne. Sai na yi ta ihu, daga asuba zuwa hantsi, daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Da tsakar rana, lokacin da su ma suke hutawa a inuwa, nakan zauna in yi carafke ni kaɗai, ko in ɓare kara in yi 'yar tsana, ina rera waƙar Illa da ɗan abin da ya rage mini na murya. Gonakin maƙwabta duk suna ƙyalli da zaren kaset, masu su na gida suna hutawa. Ƙawayena kan biyo da awaki su tsaya su yi mini tsiya, su ce ga matar sauro, in ce musu su wuce kunnuwansu na jaki ne. Gaɗar dandali ta wuce ni kakar nan, tumun farko ma a kan rumfa na ci shi, kuma ban taɓa jin na yi nadama ba sai dai in yunwa ta yi yawa.

A kwana na goma sha bakwai muryata ta mutu. Na tashi na buɗe baki in gaida Inna, iska kawai ta fito. Ta dafa mini kanwa da citta na sha, na ɗauki gorata na tafi. Ran nan tsuntsaye suka gane ba ni da baki, suka cinye mini kusurwa guda ta wajen ƙorama, kawunan hatsi suka yi fari fat kamar an sussuke. Da la'asar sai ga Baba, ya zagaya ya duba ɓarnar, ya zo gindin rumfa ya fiddo kaset ɗin da wata 'yar wuƙa. Ya ce, "Ya isa hakanan, ɗiyata. Kin yi ƙoƙari. Sauko ki riƙa man sanda." Da faɗa ya yi da na ji daɗi, lallashin nan ne ya kusa karya ni. Na so in ce masa kusurwa ɗaya ba ita ce gona ba, na so in ce masa ya saurari abin sau ɗaya ba a gaban abokansa ba, amma ba murya. Sai na kama igiyar gwangwanayen nan da hannu biyu na shiga ja. Ya buɗe baki zai yi magana, na ja. Ya sake, na sake ja, hawaye na zuba, gona duka ta ɗauki ƙara har tsuntsayen gonar maƙwabci suka tashi. Daga ƙarshe ya mai da wuƙar kube, ya ce wannan taurin kai ba daga wajensa na gado shi ba, ya juya ya tafi da kaset ɗin a aljihu.

Da safe ina hawa rumfa sai na hangi Inna tafe da ƙwarya. Ba ta dube ni ba, ta ce, "Tafasa niz zo biɗa." Ta sunkuya tana tsinka a bakin iyaka, da tsuntsaye suka taso ta miƙe ta kurma wani ihu da ban taɓa sanin tana da shi ba. Kwana tara Inna na zuwa biɗar tafasa, safe da yamma. Muka ci kwaɗon tafasa, muka sha miyar tafasa, aka shanya wata a kan rufin ɗaki, har ƙanena ya ce in ya ƙara ganinta zai gudu gidan Kawu. Baba na cin abinsa shiru, bai taɓa tambayar me ya sa gida ya koma na tafasa ba. Haka muka kai ranar da aka shiga gona da magirbi, aka ɗaure dammuna, aka kai rumbu.

Bayan girbi da kwana biyu, da la'asar, Baba ya shigo gida rungume da manyeton Kawu Shaibu, da pil sababbi, wato batura, da ya sayo a kasuwar Madawa. Bai kai shi gindin bedi ba, tsakar gida ya ajiye shi kan tabarma, kusa da inda Inna ke niƙa. Ya sa kaset ɗin da kansa bayan ya juya shi sau uku yana neman gabansa. Sautin nan siriri ya tashi. Inna ba ta ɗago ba, amma na ga tafiyar dutsenta ta daidaita da shi, kuma da aka zo wurin tsayawar nan, ita da kaset suka ja numfashi tare. Baba ya dubi ƙasa, ya ɗauki tsinke yana zane. Da gefen farko ya ƙare maɓalli ya yi tsalle, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Har yanzu kukan sabro na." Sannan ya turo mini akwatin da ƙafa ya ce, "Juya shi mu ji bayan." Ni na rubuta wa Illa amsa a makon nan. Baba ya sa na rubuta ya zo noma baɗi, na rubuta. A ƙasa na ƙara layi ɗaya da ba wanda ya sa ni, na ce Inna ta ji, kuma ta tsaya inda ka tsaya.

Muryata ta dawo bayan an koma lakkwal, amma ba ta dawo duka ba. Har yau a dishe take, jikokina na cewa ina magana kamar mai mura, kuma waƙar niƙan nan ba na iya kai ta sama inda Inna ke kai ta. Yanzu duk bikin da za ka je daga Madawa har Buza piyanon lantarki ne ke tashi, jikokin waɗanda suka yi dariya a gindin bedi su ke fara shiga fili. Waƙa ta fito da safe, kafin azahar yara sun gama yanke mata hukunci da ɗan yatsa a waya, wannan ya ce ta yi, wancan ya ce ba ta yi ba, gobe kowa ya manta abin da ya faɗa. Ba na ganin laifinsu, ba wanda ya ce musu su hau rumfa a kan maganarsu. Bedin ya faɗi, Baba da Inna da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya, Illa ya tsufa yana sayar da albasa, yatsunsa sun manta piyano. Kaset ɗin na nan a ƙasan akwatina cikin tsohon kallabin Inna, na rasa manyeton da zan sa shi a ciki. In aka tambaye ni, abin da na faɗa ina 'yar shekara goma sha ɗaya shi zan maimaita da wannan dishasshiyar muryar: kiɗa ne, su ne ba su iya ji ba.