Ranar da Jikin Ƙanwata Ya Ƙi Jinina

Ƙanwata tana da sikila, tun tana ƙarama ake yi mata ƙarin jini. Ranar da ciwon ya kayar da ita a shagonta na kasuwar Wuse, mu bakwai muka bi ta asibiti, har da kawunmu da ya baro lemonsa a Zuba. Haka muke a gidanmu: in ana neman jini, kowa sai ya naɗe hannun riga. Ni na fara miƙa nawa, don rukunin jininmu ɗaya.

Can sai likitar ɗakin gwaji ta fito ta ce nawa ba zai yi ba. Raina ya ɓaci, na ce, "Likita, uwa ɗaya uba ɗaya fa muke."

Ta zana mini wani abu kamar reshe mai baki biyu a bayan takarda. Ta ce sojojin garkuwar jiki ke nan. Gindinsu iri ɗaya ne, amma bakin kowane da tasa siffar, abu guda yake kamawa, kuma ire-irensu ba sa ƙirguwa. Jinin mutane da aka sha ƙara wa ƙanwata ya sa jikinta ya ƙera sababbi. Ɗayansu ya dace da wani abu da ke jinina, in aka sa mata, zai farfasa shi a cikin jijiyarta.

Ta taga ina hango ƙanwata, leɓɓanta sun yi fari fat. Na juya na dubi sauran shidan a kan benci, hannayen rigunansu a naɗe. Babu wanda ya kai ni kusa da ita a jini.