Juyi Huɗu na Kawu Iro

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar Kawu Iro, ƙanen mahaifiyata. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka in ja bakina in yi shiru. Wannan karon sadakar ba ta ishe ni ba. Akwai magana a wuyana, mu uku muka san ta, biyu kuma suna ƙasa.

Ga wanda bai san garinmu ba, yana kan hanyar Garwa zuwa Figil, a jingine da dutse. Ruwanmu daga wani marmaro yake fitowa can sama, ya taru a babban tankin da muke ce wa shato, sannan ya gangaro cikin bututu da nauyin kansa, ba inji ba lantarki. A tsakiyar gangaren bututun ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya bi gefen dutse zuwa Unguwar Tudu, inda manoma suke, ɗayan ya zarce ƙasa zuwa Unguwar Kasuwa, inda mu 'yan tireda muke. A bakin reshenmu akwai rami mai murfin ƙarfe, a ciki akwai bawul, makullinsa kuma, wani dogon ƙarfe mai hannu biyu, yana wurin Kawu.

Bawul ɗin sai an juya shi sau goma sha biyu yake buɗewa gaba ɗaya. Kawu bai taɓa wuce huɗu ba. Da hantsi zai hau, ya juya a hankali kamar mai tsoron tada jariri, ya kara kunnensa a kan makullin ya saurara, sannan ya sauko. Mu kuwa a ƙasa famfo yana zuba siriri, mata na layi suna tsaki.

Sai shekarun matsin nan suka zo, aka zabtare albashin ma'aikata, ofishin da ke turo mana mai duba bututu ya daina turowa. Aka ce kowane gari ya kafa komitinsa na ruwa. Ni lokacin na dawo daga Garwa da takardar makaranta, ba aiki, sai yawo da biro a aljihu. Da yake ni ne mai rubuta Faransanci, aka ɗora ni shugaba, kaina kuwa ya kumbura. A shaguna ana ta gunaguni cewa Kawu yana matse mana ruwa ne saboda matarsa, Inna Dudu, 'yar Tudu ce. Maimakon in same shi a gida kamar yadda ya dace da ɗa, sai na tare shi a gaban taro.

Na ce, "Kawu, bawul mai juyi goma sha biyu, don me kullum huɗu?"

Ya ce, "Habu, ruwan nan rago ne. In ka sakar masa gangare duka, ba zai hau Tudu ba. Sai an matse shi nan yake hawa can."

Na yi dariya, na ce mu a makaranta an koya mana ruwa shi ke daidaita kansa, har na haɗa da Faransanci don in ƙara masa nauyi. Aka tafa mini. Na miƙa hannu, ya ba ni makullin da hannu biyu, ya ce, "A hankali dai." 

Washegari na buɗe shi duka. Unguwarmu ta yi biki, har babura aka wanke a bakin famfo. Kafin azahar shato ya ƙafe, Tudu kuwa ko ɗigo ba su gani ba. Na gane ɓarnar da na yi, na lallaba na mayar da shi huɗu ba tare da na gaya wa kowa ba. Shato ya sake cika, ruwanmu ya dawo siriri kamar da, amma na Tudu ya ƙi hawa.

Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ke sa kwalta ta yi laushi. Sati biyar matan Tudu suna tafiya mayo, wato busasshen rafi, suna haƙa yashi suna kwarfar ruwa da ƙoƙo. Na ga Inna Dudu da idona, da ciwon gwiwarta, jarka a ka, na kauce na bi wani lungu. Daga nan magana ta fara yawo cewa tsohon ne ya yi wa bututun wani abu don haushin an karɓe masa makulli. A taron komiti wani dattijo ya tambaye ni ko haka ne. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ne ya sani." Ban yi ƙarya da baki ba, amma kowa ya tashi da abin da na so ya tashi da shi. Tun daga ranar Kawu ya bar sahun gaba a masallaci.

Mahaifiyata ce ta kawo mini saƙonsa. Ta tsaya a ƙofar ɗakina, ba ta ko zauna ba, ta ce, "Kawunka ya ce iska ce ta shiga bututu ranar da shato ya ƙafe. Ka je gindin tsamiyar da ke kan hanyar Tudu, inda bututun ya fi tashi sama. Akwai ƙaramin bawul a ƙarƙashin falalen dutse. Ka sassauta shi, ka jira har ya daina huci ya fara tofar da ruwa, sannan ka ɗaure."

Na je ni kaɗai, na yi yadda ya ce. Kafin in sauko na ji guɗa daga Tudu. Aka ce ɗan boko ya kwance abin da tsoho ya ƙulla, har da masu kawo mini gyaɗa da zabi. Na karɓa, na ci. Kawu ya ƙara shekara uku a duniya, bai taɓa tona ni ba. Idan na durƙusa gaishe shi, abin da kawai yake tambaya shi ne, "Nawa yake yanzu?" In ce, "Huɗu, Kawu." Ya ce, "To, madalla."

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga garin yau. Hoton shugaban ƙasa da ke bangon ofishin hukuma bai canza ba, amma sauran abubuwa sun canza. Ga rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, ga ruwan leda a kowane shago, ga masu hali a unguwarmu da ke maƙala ƙaramin inji a bututu suna zuƙe rabon maƙwabta. Ina jin ba zai yi dogon wa'azi ba, zai dai tambaya ko ruwa yana kai wa gidan ƙarshe a Tudu. Yana kaiwa, domin har yau makullin yana hannuna kuma ban sake wuce huɗu ba. Matasan komiti suna kiran abin "tsarin Alhaji Habu", ni kuma in yi murmushi, kunya tana cina a ciki.

Abin da ya rage na Kawu ke nan: ruwan da ake sha da sunana, da kuma baƙin sunan da na bari a kansa. Har gobe idan famfo ya ɗauke a Tudu, sai ka ji an ce "an yi Iro", har daga bakin waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Watan jiya 'yarsa Hajara, wadda ke koyarwa a Ngong, ta zo ganin gida ta ji haka a bakin famfo. Ta same ni a shago, idonta ya yi ja, ta ce, "Yaya Habu, kai kana wurin. Da gaske Baba ya toshe ruwan?" Na buɗe baki, sai na ji tsohuwar amsar nan tana shirin fitowa. Na ce mata zan amsa, amma ba a cikin shago ba.

Ranar Juma'a zan tsaya a ƙofar masallaci in maimaita wannan da Hausa da Fillanci, don waɗanda ba sa karanta jaridar nan da nake rubutu a ciki. Hajara, mahaifinki bai toshe ruwa ba. Ni na ƙafar da shi, shi ya dawo da shi. Allah ya sani, ni ma tun ranar na sani. Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya sa ya yafe mini.