Kwabon Aro da Yayan Matata Ya Goge

Ana idar da sallar asuba muka fito daga Pantai Dalam, unguwarmu a ƙasar da nake karatu, ni da yayan matata, ɗan kasuwar yadi da ya kawo mana ziyara daga Kano. Shi kantuna yake son gani. Ni kuwa wani dattijo ɗan ƙasar nake nema, mai tara tsofaffin kuɗi, don babin ƙarshe na digirina ya maƙale. A wata masarauta ta nan, sarki ya taɓa rasuwa ya bar ƙaramin yaro, baffansa ya riƙe masa sarautar. Sunan wa aka buga a kuɗin zamanin, na yaron ko na baffan? Malamina ya ce sai ya ga hoton kwabon da idonsa.

Jirgin ƙasa a cike, sanyi kamar cikin firji. Yaya ya yi sallama bai ji amsa ba, ya yi ta mita har muka sauka. A Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin 'yan yadi, ba kantin da ya buɗe sai da hantsi ya yi. Da suka buɗe ma na gwammace ba su buɗe ba, domin kowane yadi sai ya murza, ya taya, ya ce na Kwari ya fi arha, ya ajiye.

Dattijon yana saman wani bene, bayan shagon ɗankwali. Kwabon na kuza ne, siriri, da huda a tsakiya, ya yi baƙi ƙirin, ajaminsa da ƙyar ake gani. Gadon mahaifinsa ne, ba na sayarwa ba. Amma ya naɗe shi a hankici ya ara mini zuwa gobe, in ɗauki hotonsa da na'urar jami'a. Har ƙwalla na yi.

Muka shiga mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, muka sa a kawo mana roti, gurasarsu, da shayi. Malamina ya kira, na fita waje saboda hayaniya, na bar hankicin a tebur. Ko da na dawo, ga ɓarin lemun tsami, ga gishiri, ga makulli a hannun Yaya, ya kankare kwabon da shi.

"Malam, na fito maka da shi," ya ce yana murmushi. "Da wannan dauɗar ina za ka ga rubutu?"

Kwabo dai yana sheƙi. Rubutun ya bi dauɗar, ba sunan yaro, ba na baffa. Raina ya ɓaci, amma yayan mata ne, kuma don Allah ya yi. Na ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Da la'asar muka koma gida cikin ruwan sama, muna shiga Yaya ya hau ba ƙanwarsa labarin taimakon da ya yi mini. Abin da na koyo shi ne kayan aro aljihu ake sa shi, ko da wa kake zaune. Babin digiri ya ji da kansa. Gobe da safe ni kaɗai zan hau benen nan in kwance wa dattijon hankicinsa.