Mushe Ajimi da Shanun Takarda

Mushe Ajimi (a can Mushe ake ce wa malamin boko) mutumin Gure ne, dogo, mai sanyin magana. A 1974 aka turo shi koyarwa lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Waca, ya kuwa zauna har furfura. Kirki kam akwai shi, sai dai taurin kai. A wurinsa lissafi hanya ɗaya gare shi: a rubuta a allo, a kwafa, a haddace.

Yara kuwa kowa da irin kansa. Wani sai an rera masa kamar waƙa, wani sai ya ga an zana. Tabawa 'yar makiyaya ita sai ta taɓa da hannu, tsakuwa ko ƙwallon aduwa, kuma in ta jera su babu mai kamo ta. Amma duk ranar da tambaya ta ce makiyayi yana da shanu kaza, sai ta naɗe hannu ta bar takarda fara fat.

Mushe ya ɗauka raini ne. Ya ce in ta ƙara, ba zai sa sunanta cikin masu jarrabawar sartifika ba, karatu ya ƙare ke nan. Ta ƙara.

Ya taka har rugarsu don ya faɗa wa uwarta, Inna Mero. Ta saurare shi tana kaɗa nono, sannan ta ce, "Mushe, mu ba ma ƙirga shanu. Da kamanni muke saninsu, wannan 'yar wance ce. Bara waccan wasu ma'aikata sun ƙirga namu, fari ya biyo baya. Ga abin da ya rage nan kana gani."

Kunya ta rufe shi, don bai taɓa tambayar yarinyar dalili ba. Shi dai bai yarda ƙirga tana kashe saniya ba, amma bai yi musu ba. Washegari ya ce wa Tabawa, "In kin ga saniya a tambaya, ki kore ta gefe, ki zana tsakuwa a madadinta."

Tabawa ta ci sartifika, daga baya ta zama ungozoma a Dungas. Har tsufansa Mushe yana ba da labarin ranar jarrabawar a Magariya, yana tsaye gindin bishiyar bedi yana jira, har ta fito.

"Akwai shanu?" ya tambaye ta.

"Akwai."

"Kin ƙirga?"

"Tsakuwa na ƙirga, Mushe. Shanun mutumin suna nan lafiya lau."