Yaya Garba da Yaƙin Jan Kwali

Bana shekara goma ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, wanda 'yan Sabon Garin Gusau suka fi sani da Garba Jan Kwali. Yaran yanzu sun ɗauka wani dogari ne. Ba dogari ba ne, mai shagon hayar finafinai ne, kuma sunan ya samo shi ne a wani yaƙi da ya shiga ba tare da kowa ya gayyace shi ba.

Mu 'yan Bungudu ne. Yaya ya shigo Gusau tun zamanin kaset, ya buɗe shago, ya bi zamani har zuwa faifan sidi. Daura da shagonsa akwai gidan gem, inda yara ke wasan bidiyo, na amininsa Ɗanjuma, mutumin 'Yandoto ta ƙasar Tsafe. Tare suke cin tuwo, tare suke zuwa masallaci, kuma ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ko da a kan zafin rana ne.

Ana nan sai labari ya zo cewa manyan kamfanonin ƙetare sun fito da sabon faifai mai hoto tangaran, amma sun rabu gida biyu. Wasu faifansu a jan kwali yake zuwa, wasu a shuɗi, kuma na'urar wannan ba ta karanta faifan wancan. A gaskiya babu wanda abin ya dama a Gusau. Mutane suna kallon faifansu mai finafinai barkatai a ciki, idan ya maƙale su goge shi da bakin riga. A iya sanina, mutum biyu ne kaɗai suka yi wannan yaƙi a duk faɗin Zamfara.

Ɗanjuma bai ma zaɓi ɓangare ba. Sabuwar na'urar gem ya sayo wa shagonsa, daga baya ya gano tana cin shuɗin faifai. Da Yaya ya ji haka, ya san inda zai tsaya. Ya tafi Bungudu ya sayar da bajimin sansa, ya nufi Kano, ya dawo da na'urar jan kwali a kan cinyarsa, don ya ƙi yarda a sa ta a but ɗin mota.

Ranar gwaji ya tara mu a shago, har da ni da nake koyarwa a Tudun Wada na nemi izini na zo. Abin da mai sayarwa bai gaya masa ba shi ne, sabon faifai sai da sabuwar talabijin. Tasa kuwa tsohuwa ce mai ƙusumbi. Hoto ya fito kamar yadda ya saba fitowa.

"Ku dubi gashin gemun mutumin can," in ji Yaya. "Ɗaya-ɗaya ana ƙirga shi."

Ɗanjuma ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya juyo ya ce, "Garba, wanga ai mace ce."

Ba a daɗe ba rediyo ya faɗi cewa masu jan kwali sun ajiye makamai, sun daina ƙera na'urar. Washegari Ɗanjuma ya sa babbar riga, ya ƙullo goro, ya tsallako titi, ya durƙusa a ƙofar shago yana cewa, "Ya haƙuri? Allah Shi jiƙan rai." Yaya ya tashi ya rufe shago, ya daina yi masa magana. Wannan ba abin dariya ba ne a lokacin. Ya rasa sansa, ya zama abin ba'a a layi, kuma ya rasa wanda yake cin tuwo da shi. Matarsa ta ce min ya koma cin rabin abin da yake ci.

Amma bai saduda ba. Da ya ji farashin jan kwali ya faɗi warwas, sai ya ce garaɓasa ce, ya aika aka kwaso masa faifan. Babu mai haya, tunda ba wanda ke da na'urar sai shi. Daga ƙarshe ya kai ta gida Bungudu, muka zama masu kallon dole. Akwai wani faifai na halittun teku da Innarmu ta kamu da sonsa. Matar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin garinmu ba, sai ga ta ta san kifayen, har ta raɗa masu suna. Wani mai kumburarren baki ta ce sak Hakimi. Idan babban kifi ya biyo ƙarami sai ta yi ta salati tana cewa ya gudu, alhali ta ga an cinye shi jiya da shekaranjiya.

Abin da ya sasanta su ba dattawa ba ne. Samari ne suka fara buɗe 'yan rumfuna da kwamfuta, suna tura wa mutane fim a waya. Ka miƙa memori, kafin ka gama gaisawa an cika maka shi. Shagon Yaya ya bushe. Shuɗin faifan Ɗanjuma ma ya yi ƙura, don babu mai tambayarsa. Ranar da Yaya ya tabbatar da haka, ya sa babbar rigarsa, ya sayi goro, ya tsallaka titi ya mayar da ta'aziyya. Ɗanjuma ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya sa aka kawo tuwo.

Yaya ya koma noma. Faifan nan ya ɗaure su da zare ya rataye a gonar gero, ƙyallinsu na korar tsuntsaye. Shekarar ya sami albarka, ya riƙa gaya wa kowa cewa ko tsuntsu ya san faifai mai inganci.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Ɗansa Nura, wanda yanzu magidanci ne, yana sayen wasan gem ta waya, ba faifai ba kwali, ya ce wai yana can a ajiye a sama. Na san Yaya zai ce, "To in sun rufe shagon nasu na sama hwa, wa za ka kama?" Zai ga muna tsakiyar fim data ta ƙare, hoto ya tsaya yana juyi, mu kuma mun zuba ido. Ina jin zai yi murna ƙwarai, don a ƙarshe ga abin da ya fi nasa rashin tabbas. Amma kuma na san halinsa. Da sati bai zagayo ba ya zaɓi kamfanin layin waya guda, Ɗanjuma ya zaɓi wani, an buɗe sabon fage.

Da ciwo ya kwantar da shi, Ɗanjuma ne ya kai shi asibiti, shi ne kuma ya zauna a gefen gadonsa har ƙarshe. Wata rana da rana ina wurin, Yaya ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ɗanjuma, hoton nawa ya fi naka kyau."

Ɗanjuma ya sunkuyar da kai. "Ya fi, Garba."

Yaya ya harare shi. "Mi? Don ka ga ina kwance za ka yi mani ƙarya? Koma bisa maganarka."

Ɗanjuma ya share ido da hannun riga, ya ce shuɗi ya fi, kuma ko gobe shuɗi ya fi. Yaya ya yi murmushi, ya koma barcinsa.

Bai bar dukiya ba, shagon ma yanzu mai cajin waya ne a ciki. Abin da ya bari shi ne mutanen da har yau ba sa iya ambaton sunansa ba su yi dariya ba, sai kuma wani tsoho a 'Yandoto da ke zuwa Bungudu duk Sallah ya duba iyalinsa. Bana na tambaye shi yadda tsufa ke tafiya. Ya ce lafiya lau, sai dai duk abin da ya faɗa yanzu, mutane cewa suke yi, "Gaskiya ne, Baba."

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya, Ya sa ka huta.