Fuskar da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Jiya 'yata ta dawo daga makaranta da farin alli a hannun rigarta. Da na kakkaɓe mata, garin ya shiga hancina, sai na zauna a bakin gado na daɗe ban tashi ba. Ƙanshin kawuna ke nan.

Idan ka yi firamare a ƙasar Daura, wataƙila ka taɓa ganinsa. Dogo ne siriri, da baƙin allo ɗaure a bayan kekensa. A da yana yi wa wata jarida zanen barkwanci. Da ya gaji da zana manya da tumbinsu, sai ya dawo gida ya kama yawon ƙauyuka. Yakan zauna gaban tsofaffi a zaure, suna ba shi labarin da, yana zanawa. Ranar kasuwa, ko a filin makaranta, sai ya jingina allonsa da bishiya ya mayar wa mutane labarinsu. Macijin rijiyar Kusugu yakan yi masa ƙaton kai da idanun mai jin barci, yara su yi ta dariya har malamai su manta da bulala.

A hannun kakata na tashi, shi ne babban ɗanta. Mahaifiyata ƙanwarsa ce. Ta rasu ina goye, kuma ba ta bar hoto ba, domin kakana bai taɓa yarda mai hoto ya shigo gidansa ba. Abin da na sani game da ita kaɗan ne: tana son fura mai tsami, kuma ba ta iya tafiya a hankali ba. Duk ranar da na tambayi kakata kamanninta, sai ta aike ni in duba ko awaki sun shiga shanya.

Bayan an yanke gero, hanya ta bushe, kawu yakan ɗora ni a keke mu tafi Sandamu ko Dutsi. A can na lura da wani abu. Duk inda ya zana mata a bakin rijiya, akwai ɗaya da ta ba mu baya. Sauran yakan yi musu hanci kamar ludayi, ita kuwa ba ya taɓa ta da wasa. Tulu a kanta, gammo ya ɗan karkace, ƙafa ɗaya ta riga ta ɗaga. In zai goge allon ita ce ta ƙarshe, kuma da tafin hannu yake goge ta, ba da tsumma ba.

Wata rana a Sandamu wata tsohuwa ta tsokane shi.

"Malam, wannan fushi take da mu ne? Juyo mana da ita mu gaisa."

"Sauri take, Inna," in ji shi. "Ta bar yarinya a gida."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ranar na san ko wace ce.

Ban tambaye shi ba. A gidanmu ba a ambaton mamaci sai a addu'a, kuma na ɗauka yana ajiye min fuskar ne sai na girma. Na girma, na yi aure, na haihu, kullum ina cewa sai wani zuwan. Sai a daminar bara, da aka ce ciwo ya kwantar da shi, na je na same shi. Ruwa na dukan kwano, ɗakin yana warin takardun da suka ja danshi. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, ka juyo min da ita. Sau ɗaya."

Bai tambaye ni wa nake nufi ba. Ya sa na miƙo masa takarda da fensir, na sa masa matashi a baya. A takarda ta farko hancin ya zarce, kamar yadda hannunsa ya saba, ya yage ta. A ta biyu fuskar kakata ce ta fito. A ta uku ya zana ɗankwali da kunnuwa. Sannan ya shafa kuncinsa yana ƙirga tsagarsa da yatsa, tunda wanzami ɗaya ne ya yi musu, ya sauke ta a takardar layi bayan layi. Daga nan fensirin ya tsaya.

"'Yata, ba ɓoye miki ita na yi ba," ya ce. "Ganin ƙarshe da na yi mata da ƙafarta, rijiya za ta. Ban kira ta ba. Tun daga ranar, haka take zuwa min."

Ya ce ya zana sarakunan da ko kakanninsa ba su gani ba, kowa ya yarda su ne. Amma wadda suka sha nono ɗaya ta ƙi juyowa.

Ya rasu kafin gero ya nuna, ya bi kakata da ta riga shi. Allah Ya ji ƙansu duka.

Yanzu wayata cike take da hotunan yarana, har nakan goge wasu don wuri ya ƙare. Takardar kuwa tana ƙasan akwatina, da ɗankwali da kunnuwa da tsaga, tsakiyar fari fat. Na ɗan gaji hannunsa, kuma wani lokaci nakan fito da ita in ɗauki fensir. Sai in ajiye. In na sa mata idanu, wata baƙuwa ce za ta kalle ni, kuma babu sauran wanda zai ce min ba ita ba ce.